Jar Kanwa Ta Kan Katanga

Gidan da muka kama haya a unguwar Ulaisha, cikin Riyad, na ƙasa ne, irin ginin da, an tsaga shi biyu da katanga tun daga tsakar gida har saman soro. Ƙaramin ɓangaren namu ne, ni da mijina Malam, babban kuma na masu gidan. A shekarun nan kuɗin mai ya sauko wa Riyad kamar ruwan tsakiyar damina. Kullum katafila tana rushe gidan wani a bayanmu, kafin ka saba da filin ka ga leburori sun fara zuba kankare a gurbinsa. Malam yana karatun shari'a da tallafin jami'a, ya fita da safe sai la'asar. Ni kuwa amarya ce da cikin fari, Larabcina bai wuce na salla da na sayen burodi ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai a lokacin, wato wankan jego. A gidanmu mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. Gida take komawa, uwa ta dafa ruwa da ganye safe da yamma, ta dama kunun kanwa, ta gasa ta har jikinta ya koma daidai. Na taso ina jin labarin matan da ba a yi wa wanka ba, yadda sanyi ya shige su suka kumbura, wasu ba su tashi ba. Malam ya yi ta zirga-zirga ko za a bar Inna ta zo, aka ce iƙamarsa, wato takardar zamansa, mace ɗaya ta ɗauka, ita ce ni. Matan Hausawan da muka sani suna can Suwaidi, a lokacin bayan gari ne sosai, kowacce da 'ya'yanta a gindinta.

"Nan fa asibiti ake haihuwa," in ji Malam. "Likitoci ne daga ƙasashe iri-iri."

"Likitocin za su biyo ni gida da ganye?"

"In ta kama ni zan yi miki."

Na kalli hannunsa, wanda ko shayi ya dafa sai ya ƙone, na juya na fuskanci bango.

Wata safiya na hau soro shanya. Katangar da ta raba mu da masu gida ta fi tsayina, ba a ganin komai sai sama. Bahon wanki ya suɓuce ya faɗo min a ɗan yatsa, na ce, "Wayyo ƙafata." Sai wata murya daga bayan katanga, a hankali, kamar mai gwada ko ƙofa za ta buɗe, ta ce, "Sannu."

Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Tun da na sauka daga jirgi ban ji Hausa a bakin mace ba sai in an kai ni Suwaidi. Na ce, "Wace ce?" Aka ce, "Tsohuwa ce. Ki sa ruwan sanyi."

Haka muka fara. Kowace hantsi in hau, in ji motsinta tana shanya ko tana tsince shinkafa, in yi sallama. Yaran gidan suna kiranta Dada, haka suke kiran wadda ta rene su. Ni na kira ta Iya. Ba ta taɓa ganina ba, ban taɓa ganinta ba, kuma hakan ya yi min daɗi fiye da yadda ya kamata. Ni mutum ce mai son labarin masoyan da katanga ta raba, sai na mayar da ita uwar da Allah ya ɓoye min a bayan bango. Na zana mata fuska a raina, na ba ta miji da suka taho hajji tare ya rasu a hanya, na ba ta hawayen da ban taɓa jin ta zubar ba. Ban tambaye ta ba. Labarin da na shirya mata ya ishe ni.

Hausarta wata iri ce, ta yarinya a bakin tsohuwa. Mota sayyara take ce mata, ba ta san asibiti ba sai da Larabci. Amma ta san mangala da akumarin jaki, ta san zango, ta san yadda ake yayyafa wa goro ruwa a sake masa ganye don kada ya bushe a hanya. Da na ji haka sai na buɗe mata abin alfaharina.

Mahaifina Bafulatanin birni ne, irin waɗanda ba su san inda aka kai shanun kakanninsu ba. Kakana na wajen uwa kuwa madugu ne. Ban riske shi ba, amma na girma a kan labarinsa. Shi ke jan ayari daga Kano, da goro da baƙin rini da jar fata, su faɗa Barno su ɗauki kanwa, su ratsa Wadai da Fashir har bakin kogin Nilu, wani lokacin har bakin teku inda ake tsallakawa Jidda. Su dawo bayan shekaru da turare da murjani da littattafai. Kakata takan ce ba don irinsu ba da ba mu san kanumfari ba, da Larabawa ma ba su san goro ba. Duk wannan na zuba wa Iya, inda labari ya yi rami kuma in cike shi da farin wata da taurari. Na ce mata a bakin rijiya ya fara ganin kakata, alhali haɗa su aka yi. Na ce mata 'yan fashi suna jin tambarinsa suke watsewa.

Ita dai tana ji. Sau ɗaya ta katse ni.

"Da yara a ayarin nasa?"

"Yara kuma, Iya? Ai tafiyar maza ce."

Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ranar da na gaya mata tsorona na wanka, na faɗa mata cewa Inna ta ƙulle min jar kanwa a cikin kayana, ta ce ko ba kowa in dama kunu da kaina. Iya ta ce, "Kanwa? Ta gaske?" Na sauka na ɓallo guntu, na ɗaure a tsumma, na maƙala a bakin sandar shanya na tura ta kan katanga. Na ji an zare. Can ta ce, da wata muryar da ban san ta da ita ba, "Ta bakin tafki ce wannan." Na ji tana tsotsa kamar yaro da alewa. Sannan ta ce, "Idan kin sauka ni zan yi miki wanka. Na iya."

Da Malam ya dawo ya tarar ina waƙa a kicin. Ya ce, "Yau kuma wane mafarkin aka yi?" Na ce masa na sami uwa.

Ba a daɗe ba uwargidan masu gidan ta aiko 'yarta ta gayyace ni shan gahawar hantsi, ɗanta ya dawo daga karatu a waje, mata za su taru. Na ci ado, na sa turare, kamar wadda za a kai gidan miji karo na biyu, don yau zan ga Iya. Falon cike yake da mata, an shimfiɗa sababbin dardumai, na'urar sanyi tana ruri a taga, turaren wuta yana zagayawa. Aka zaunar da ni kusa da uwargida. Akwai wata budurwa baƙa kyakkyawa cikin kayan makaranta tana miƙa dabino, aka ce min jikar Dada ce, ubanta yana tuƙa tankar ruwa, har ya fara gina gidansa.

Sai ga wata tsohuwa doguwa ta shigo da butar gahawa, ta ɗan rankwafa, mayafinta ya zame baya. Ta dube ni ta ce, "Kin zo, 'yata."

Muryar na sani, fuskar ce ban sani ba. Zane ne dogaye a kumatunta biyu, daga gefen ido har haɓa, sun tsufa sun nutse cikin fata. Zanen Barebari. Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san shi, kuma duk ɗan Fulani ya san abin da ake yi idan an gan shi. Murna ta cika ni har wuya. Ga uwa, ga kuma abokiyar wasa, a tsakiyar ƙasar Larabawa. Bakina ya riga hankalina.

"Iya, ashe Babarbariya ce ke," na faɗa ina dariya. "Duk watannin nan da baiwata nake hira ban sani ba? To ajiye butar nan ki zo ki ɗaukar min takalmi."

Na jira ta rama. A gida da ta ce, ke Bafulatana mai ƙafa kamar sillen kara, yaushe bawa ya fara aiken uwargijiyarsa. Ta tsaya da butar a hannu tana kallona, kamar ta ji maganar daga nesa tana jira ta ƙaraso.

Uwargida ta ga ina dariya ita ma ta murmusa, ta tambaye ni me na ce. Da a nan na yi shiru da abin ya tsaya tsakanina da Iya. Amma ina ɗokin in nuna Larabcin da Malam yake koya min, sai na harhaɗa kalmomina na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji: wannan baiwarmu ce, ita da danginta duka bayinmu ne a ƙasarmu.

Falon ya mutu. Wata mata ta ajiye ɗan kofinta a hankali. Uwargida ta kalli darduma, ta ce wani abu game da zafin bana. Budurwar nan mai kayan makaranta ta miƙe, ta je ta karɓi butar daga hannun kakarta, ta dire ta a tsakiyar falo har gahawa ta fantsama, ta kama hannun tsohuwar suka fita. Da za ta wuce ta dube ni sau ɗaya. Ni har lokacin da ragowar dariya a fuskata, ban san inda zan kai ta ba.

Da la'asar na ba Malam labari muna cin abinci, ina cewa Larabawa ba su san wasa ba. Ya ce, "Maimaita min abin da kika faɗa da Larabcin." Na maimaita. Ya cire hannunsa daga kwano.

"Ke a zatonki yaya aka yi ta zo ƙasar nan?"

"Hajji ta zo ta zauna."

"Ita ta gaya miki?"



"Da yawan irinta da hajjin aka zo da su," in ji shi. "A taho da yaro a ƙasa, a ce ɗa ne ko bara. In an tsallako guzuri ya ƙare a sayar da shi a yi na komawa. Shekara goma sha wani abu ke nan da hukumar nan ta 'yanta su. Wasu suka tafi, wasu ba su da inda za su, suka zauna a gidajen da suka tsufa a ciki. Duk matan da ke falon nan sun san abin da take a gidan kafin ranar, kuma duk sun daina faɗa. Sai ga jikar madugu ta zo daga Kano ta tuna musu."

"Wasa ne fa, Malam."

"Na sani. Ni da ke muka sani."

Na daina hawa soro. A ɗaki nake shanya, kaya su bushe da warin gumi. In na ji motsi a bayan bango sai in rage muryar rediyo kamar ɓarauniya. Abin da ya fi damuna ba ranar gahawar ba ce kaɗai, hantsin nan ne duka da na yi ina yi mata kirarin ayari, ita tana tsince shinkafa tana ji. Sai kuma wasu fuskoki suka riƙa dawo min, tsofaffin da ke ɗakunan baya a gidan kakana, waɗanda muke kira Baba da Gwaggo amma ba wanda ya taɓa gaya mana ta ina muka haɗu. Ɗaya daga cikinsu Hausarsa ba ta fita sosai, mukan kwaikwaye shi mu yi dariya. Ban taɓa tambayar daga ina aka zo da shi ba. Cikina kuma yana ta girma, ƙafafuna sun fara kumbura, ba ni da mai wanka, kuma ni na kore ta da bakina.

Da watana ya kama, tsoro ya fi kunya ƙarfi, na hau soro. Na ji ana motsi a bayan katanga. Na yi sallama ba a amsa ba. Na jingina goshina da bangon, ya ɗau zafin rana, na fara magana ban san ko ita ce ko wata ba. Na ce a garinmu Fulani da Barebari abokan wasa ne tun kakanni. Kowa yana ce wa ɗan'uwansa bawa, a kasuwa, a gidan biki, har a gidan makoki don a sa mai kuka ya yi murmushi. Na ce maƙwabciyarmu Babarbariya ce, kullum sai ta leƙo ta ce ina bayina, Inna ta ce ga uwargijiyarki nan tana daka. Kuma da Inna ta kwanta ciwo ita ce ta bar gidanta ta zo ta yi jinyarta. Na ce wanda ake ƙauna ake yi wa, ba a yi wa bare.

Na gama na tsaya. Can muryarta ta zo.

"Da dariya ake faɗa a can?"

"Da dariya, Iya."

"Wanda aka faɗa wa ma ya yi dariya?"

"Shi ma ya rama."

Sannan ta fara, ba kuka, ba ɗaga murya, kamar mai lissafa kayan miya. Ba ta san sunan garinsu ba. Ta san akwai ruwa mai faɗi, akwai mata masu fasa kanwa a rana, uwarta tana cikinsu. Haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba aka ɗauke ta a hanyar rijiya, aka miƙa ta ga wani ayari mai zuwa gabas. Hausawa ne. Sun yi shekaru a hanya, su yi zango su yi noma ko tsinkar auduga, su sayar da fata da rini, su ƙara gaba. A bakinsu ta koyi Hausa. Yarenta kuwa ya zube a hanya kaɗan-kaɗan, yanzu ko ƙirga ba ta iya yi da shi.

Wato Hausar nan da na riƙa sha kamar ruwan sanyi, a wurin waɗanda suka sayar da ita ta samo ta.

"Madugunmu mutumin kirki ne," in ji ta. "Ba ya wasa da salla. Da ƙafata ta kumbura shi ya sauke kaya ya ɗora ni a kan jakinsa, ya taka a ƙasa. Na daɗe ina cewa ubana ne. Sai da muka tsallaka ruwa na ga yana nuna wa wani mutum ƙafar, yana cewa ta warke sarai."

Sai ta tambaye ni.

"Kakan naki dogo ne? Yana da tabo a goshi?"

"Ban taɓa ganinsa ba, Iya."

"Ni na ga nawa," ta ce. Na ji ta tattara tirenta ta sauka.

Ba ta ce za ta zo ba, ni kuma ba ni da fuskar tambaya.

Na haihu a asibiti, mace. Aka sallame mu, muka dawo gida ni da jaririya da Malam. Washegari da safe ya tashi da niyyar cika alkawarinsa. Ya ɗora tukunyar shinkafarmu a kan gas, ya ɗora butar shayi a gefe, yana tambayata ko ganyen na'ana'a zai yi. Ruwan da ya tafasa ko ƙafa ɗaya ba zai wanke ba. Ina zaune a bakin katifa, jikina kamar an daka, ina kallonsa yana ƙona yatsa, hawaye suna zubo min ba sauti.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Malam ya buɗe ya ja da baya. Iya ce cikin baƙar abaya, da damin ganyen magarya a hammata. Bayanta jikarta, ta rungumo wata ƙatuwar tukunyar tagulla, a ciki an cusa guntayen azara da aka tsinto daga gidajen da katafila ta rushe. Yarinyar ta dire tukunyar a tsakar gida ba ta kalli inda nake ba, ta juya ta fita.

Iya ta leƙa kicin ta ga tukunyar shinkafa. Ta dubi Malam.

"Kai ɗalibi, kaza za ka fige?"

"Wanka ne, Iya."

"Ɗauki littafinka ka tafi makaranta. Kada ka dawo sai an kira azahar."

Ya ɗauki littafin kuwa, har yana tuntuɓe.

Ta haɗa murhu da duwatsu a tsakar gida, ta hura wuta, ta cika tukunya. Da ruwan ya tafasa ganye ya saki ƙamshinsa, ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunne, ta tsoma damin ganyen ta fyaɗa min a baya. Na ƙwalla ƙara. Ta ce, "Yi shiru, uwarki ma haka aka yi mata." Ta bi kafaɗa, ta bi ciki, ta bi cinya, hannunta bai yi rawa ba ko sau ɗaya, bai kuma yi mugunta ba. Da ma ta ƙara zafin ruwan, da ma ta buga da haushi, da na fi samun sauƙi. Amma daidai ta yi, yadda uwa take yi. Na sunkuyar da kai na bar tururi ya rufe min fuska.

Bayan wanka ta ce in kawo kanwa. Ta zo da garin gero da ta saya a wurin Yamalawa a kasuwar Batha, ta dama kunu mai kauri, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Na tambaye ta, ina kallon kofin, a ina ta koya.

"A hanya. Matan ayari suna haihuwa a zango. Ni ke ɗebo itace, ni ke ɗebo ruwa, ina tsaye ina kallo." Ta karɓi kofin. "Uwargidan can ma ni na yi mata, da 'ya'yanta mata duka. Ba kanwa, sai in sa abin da na samu. Yanzu in ɗayarsu ta haihu ba ta yarda da kowane abinci sai kunun Dada. Suna cewa al'adar gidansu ce."

Haka ta riƙa zuwa safe da yamma har na yi arba'in. Jikarta ke rako ta da itace, ta ajiye a bakin ƙofa ta koma. Na gaishe ta da Larabci, na gaishe ta da hannu, ba ta taɓa amsawa ba, kuma ban ga laifinta ba. Ni da Iya mukan yi magana a kan nono da cibiya da barcin jaririya. Ban ƙara ambaton kakana ba, ita ma ba ta tambaya ba. Idan ta sunkuyo tana gasa min ciki zanen kumatunta yakan zo daf da idona, sai in rufe ido.

Ranar wankan ƙarshe na fito da abin da Inna ta tanada don mai wanka, turmin atamfa da sabulu da turare. Ta ɗaga atamfar ta duba ta mayar.

"Ina zan sa wannan a garin nan? Ba ni sauran kanwar."

Na kawo mata duka. Ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ja ƙullin da haƙori. Maimakon ta tashi kamar kullum sai ta gyara zama a kan tabarma, ta miƙe ƙafafunta, ta dube ni sosai. Na ga leɓenta yana motsi kamar mai bitar karatu.

"Ke Bafulatana," ta ce. Ta tsaya, ta sake ɗaukowa. "Baiwata. Tashi ki zuba min shayi."

Ta faɗe shi a tsaye, ba lanƙwasa, kamar wadda ta ari takalmin da ba nata ba. Ta jira, tana sauraron abin da zai biyo baya a cikin ranta. Na san nan ne gurbina, nan ya kamata in rama mu yi dariya, amma ban rama ba. Ta girgiza kai a hankali.

"Ba daɗi," in ji ta. "Ban san me kuke ji a ciki ba."

Na tashi na ɗauko buta, na durƙusa a gabanta na zuba. Shayin ya ɗan zuba a kan tire. Ta karɓi kofin, ta hura, ta ce sukari ya yi kaɗan.